Karatun Zane: Nauyinsa Da Ladansa

A ƙasar Kazaure, tun daga Roni da Amaryawa har Gwiwa da 'Yankwashi, har da maƙwabtanmu na Babura, akwai wata magana da ke tashi a gidaje kowace shekara, in yara sun gama shekara uku ta ƙaramar sakandare. A lokacin nan ne ake raba su kashi-kashi kafin su shiga babbar sakandare. Waɗansu su nufi kimiyya, waɗansu kasuwanci, waɗansu kuwa adabi da fasaha. Cikin kashin nan na ƙarshe ake samun darasin zane, watau koyon fitar da siffar abu a takarda, da haɗa launi, da tsara adon tufa ko na bango, da ginin yumɓu, da sauran ayyukan da ido da hannu ke tarayya a cikinsu. In yaro ya zo gida ya ce shi zane yake so, sau da yawa sai ka ga uba ya ɓata fuska. Abin da yakan faɗa bai wuce biyu ba. Na ɗaya, ya ce wannan ai wasa ne, mafakar malalata ce waɗanda lissafi ya koro. Na biyu, ya ce ko da aiki ne, to, aikin banza ne, gama shi bai taɓa ganin wanda zane ya ciyar ba.

Maganganun nan biyu sun cancanci a zauna a auna su da hankali, domin abin da ke ciki babba ne. Uban da ya hana ɗansa abin da Allah ya hore masa, bisa zato kawai, ya zalunce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Uban kuma da ya saki ɗansa ya bi son ransa ba tare da bincike ba, ya yi sakaci da amana. To, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mu fara duba nauyin aikin, sa'an nan mu duba ladansa, kana mu ga abin da ya wajaba a kan uba da ɗa.

Nauyin Aikin

Ya kai mai karatu, in kana cikin waɗanda suka koyi karatu da rubutu bayan sun girma, a ajin yaƙi da jahilci, ba ka bukatar kowa ya gaya maka wuyar koya wa hannu sabon abu. Tuna ranar da aka fara miƙa maka fensir. Hannun nan naka da ke wuni riƙe da fartanya ko gatari bai gaji ba, sai ga ɗan icce wanda bai kai kara nauyi ba ya sa shi rawa da gumi. Idonka ya ga harafin a allo sarai, zuciyarka ta gane shi, amma hannu ya ƙi bi. Kwana nawa ka yi kafin ka raba "b" da "d"? Wata nawa kafin layinka ya daina gangarawa kamar hanyar rafi? Alhali kuwa haruffan boko 'yan kaɗan ne, yaro ma yana ƙirga su. Mai koyon zane kuwa haruffansa ba su ƙirguwa, gama kowane abu yana da siffarsa, siffar kuma tana sakewa gwargwadon inda mai duba ya tsaya da inda rana take.

Ga misali. Malam ya ajiye tulu da ludayi da faifai bisa tebur, ya ce a zana. Tilas yaro ya auna tsawon tulun da faɗinsa da ido, ba da igiya ba. Tilas ya lura bakin tulu, wanda kowa ya san kewayayye ne, daga inda yake zaune ya koma kamar ƙwai a kwance. Ya lura da gefen da haske ya faɗa, da gefen da inuwa ta rufe, da yadda inuwar ludayi ta hau kan faifai ta karye. In ya zana abin da ya sani game da tulu, ya faɗi. Sai ya zana abin da idonsa ke gani a wannan sa'a. Wannan ɗan aiki yana cin awa biyu ko uku, kuma sai ya yi irinsa sau da yawa ƙwarai kafin tulunsa ya daina kama da kabewa.

Jarrabawar fita sakandare, ko ta hukumar WAEC ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1999, tana gwada mai zane ta fuska biyu. Akwai ta rubutu, inda ake tambayarsa ƙa'idodin launi, da kayan aiki da amfaninsu, da tarihin fasahar mutanen dā, kamar aikin yumɓu na Nok da aikin tagulla na Ife da Binin. Akwai kuma ta aiki, inda za a ba shi takarda fara fat, a ajiye abu gabansa, a ƙayyade masa lokaci, a ce bisimilla. A nan ne bambanci yake fita. Waɗansu darussa, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya yin sakaci shekara guda, sa'an nan ya kwana uku yana hadda, ya tsallake da ƙyar. Zane ba ya haddatuwa. Abin da hannu bai saba yi ba cikin shekara uku, ba zai yi shi ranar jarrabawa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma satar amsa, wadda ta ɓata yara da yawa a zamanin nan, ba ta da ƙofar kirki a ɗakin zane, domin ba wanda zai iya rubuta maka gwaninta a guntuwar takarda ya jefo ta taga.

Ban da wannan, aikin yana cin lokaci irin cin da sauran darussa ba su yi. Yaron da aka ba lissafi goma ya yi a gida, in ya gane hanya, kafin a yi kiran lisha ya gama. Wanda aka ce ya tsara adon zane kuwa, sai ya fara fitar da shi a takarda, ya ɗaure farin yadi ƙulli-ƙulli, ya tsoma a rini, ya shanya, ya kwance, sa'an nan ya ga ko abin ya fita ko bai fita ba. Wanda aka ba ginin tukunya sai ya nemo yumɓu, ya tsince tsakuwa, ya kwaɓa, ya gina, ya bar ta ta bushe a inuwa kwana da kwanaki, kana a gasa. In yumɓun bai bushe sosai ba, sai ta fashe a wuta, aikin mako biyu ya tafi a dare ɗaya. Kuskuren lissafi ana goge shi da roba. Tukunyar da ta fashe sai a koma ramin yumɓu.

A ƙauyukanmu kuwa nauyin yana ƙaruwa. Launi ba ya son hasken fitila, gama abin da ka gani kore da dare, da safe sai ka tarar da shi shuɗi. Saboda haka mai zane da rana yake aiki, rana kuwa ita ce lokacin gona, da ɗiban ruwa, da kiwo. Yarinya ga daka, ga girki, ga rainon ƙanne. Sa'an nan ga kuɗin kaya: takarda mai kauri, da fensirori iri-iri, da fenti, da buroshi, da yadi, waɗanda sau da yawa sai an je Kazaure ko Kano kafin a same su, kuma suna ƙarewa, ba kamar littafi ba da wa zai karanta ya bar wa ƙane. Duk da wannan, ba a ɗauke wa yaron Turanci da lissafi da sauran darussa na tilas ba. Yana ɗauke da kayan kowa, ga nasa a bisa.

Akwai wani nauyi kuma wanda ba a gani, shi ne na zuciya. In yaro ya faɗi lissafi, daga shi sai malaminsa suka sani. Zane kuwa a bango ake kafa shi, kowa ya zo ya duba, har wanda bai taɓa riƙe fensir ba yana iya cewa ƙafar dokin nan ta karkace, kuma ya yi gaskiya. Sai mai zane ya koyi haɗiye gyara a bainar jama'a, ya koyi jure gorin abokai masu ce masa ɗan ajin wasa. Wanda ya san wannan duka ba zai ƙara kiran ɗakin zane mafakar malalata ba.

Me Ya Sa Ake Ganinsa Wasa?

Dalili na farko shi ne, gwani yana ɓoye wahalarsa. In ka tsaya wurin mai ɗinkin babbar riga yana fitar da aska takwas, hannunsa yana tafiya yana hira, sai ka ga kamar kai ma za ka iya. Shekarun da ya yi allura tana sukarsa ba su nan a gabanka, riga kaɗai kake gani.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne ya kamata mu binciki kanmu. Mun saba auna aiki da ɗacinsa. In mun ga yaro ya ɗaure fuska bisa littafi, mu ce yana karatu. In mun gan shi ya duƙufa yana zane, ransa a sake, har an kira shi cin abinci bai ji ba, mu ce yana wasa. Amma jin daɗin aiki ba ya rage nauyinsa. Manomin da ke waƙa a gayya, kunyar da ya nome ba ta fi ta mai tsaki gajarta ba, sau da yawa ma tasa ta fi kyau. In Allah ya sa wa bawa son aikin da yake yi, rahama ce ya yi masa, gama so shi ne ke ɗaukar mutum ya kai inda tilas ba ta kai shi.

Dalili na uku kuwa, gaskiya ce tilas a faɗe ta, masu zargi suna da abin kamawa. Akwai yaran da suke gudu zuwa wannan kashi don tsoron lissafi kawai, ba don son komai ba. Akwai kuma makarantun da ba su da malamin zane ko kayan aiki, sai lokacin darasin ya zama na hira da barci. Uban da ya ga haka bai yi ƙarya ba in ya ce wasa ya gani. Sai dai laifin na malalacin yaro ne da na rashin tanadi. Rijiyar da aka bari ba yasa, ba a ce ruwa ne ba shi da amfani.

Maganar Addini

Akwai iyaye da damuwarsu ta wuce ta kuɗi, ita ce maganar surar abu mai rai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba a yi mata dariya. Malamai sun yi bayani mai yawa a kanta, sun rarrabe tsakanin siffa mai jiki da wadda ke shimfiɗe a takarda, da kuma abin da lalurar koyo ta kawo. Wanda abin ya shige wa duhu ya tafi wurin malaminsa ya yi tambaya, shi ya fi. Abin da za a ƙara kawai shi ne, filin fasaha yana da faɗi ƙwarai, yawancinsa kuma ba ruwansa da surar mai rai. Mu da muka yi makarantar allo mun san zayyana, adon nan na launi-launi da ake yi wa allo ranar saukar karatu. Mun san masu rubuta Alƙur'ani da hannu, irin su marigayi Sharu Bala na Gabari a Kano, waɗanda sukan shekara bisa aiki ɗaya, suna daidaita kowane harafi da kowane wasali. Mun san dagi a bangon soro, da zanen ƙwarya, da saƙar faifai, da adon sirdi. Duk wannan zane ne, kakanninmu Musulmi ne suka yi shi, malamai kuma suka sa albarka.

Ko a makarantar boko ma abin ba baƙo ba ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari ke koya wa yara dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki. A 1955 aka kawo sashen koyar da zane na babbar kwaleji Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne, a 1958, waɗansu ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya, suka ce a haɗa abin da aka koya wurin Turawa da fasahar gida. Sun yi suna a duniya. Abin lura, yawancinsu daga kudu suka taso suka zo ƙasarmu suka ɗebi ilmin, mu kuwa da makarantar ke ƙofar gidanmu muna ta ce mata wasa.

Ladan Aikin

Yanzu sai magana ta biyu, wai zane ba ya ciyarwa. Mu fara da ladan aljihu, tun da shi ne ke hana uba barci. Wanda ya ce wa yaro zane hanyar arziki ce ta nan da nan ya ruɗe shi. Guraben aikin gwamnati na mai zane kaɗan ne, galibi koyarwa ce. Amma ka tashi daga Roni ka bi hanya zuwa Kazaure, ka miƙe har Kano ko Daura, kana lura. Allunan shaguna wa ya rubuta su? Adon jikin manyan motoci wa ya yi shi? Hular da ke kanka wa ya fitar da zanenta kafin mai ɗinki ya sa allura? Katin ɗaurin aure, da kalanda, da bangon littafin da ke hannunka, da adon ƙofar ƙarfe, da kwalin magani, kowanne sai da wani ya zauna ya tsara shi, aka biya shi. Yau ana yin da yawa daga cikin aikin nan da kwamfuta, amma kwamfuta alƙalami ce kawai, idon da ya san daidai da karkace shi ne mai aiki. Ita kanta gwamnati ta gane haka, gama a 2011 ta shigar da darussan sana'a 34 cikin babbar sakandare, har da rini da dukanci da ɗaukar hoto. A 2025 aka sake tsari aka rage su zuwa 6, tsara tufafi da ɗinki yana cikin waɗanda aka bari.

In muka waiwayi baya kuma, da me Kano ta yi suna? Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatun da majemanmu suka jeme, dukawanmu suka yi wa ado, su ma sun ƙetare hamada. Abin da baƙi ke biya da tsada shi ne shunin da ya kama, da adon da ya zauna daidai. Karofin Ƙofar Mata yana nan har yau yana shaida.

Amma ladan nan mai jinkiri ne, ga shaidu biyu. Ɗauko takardar naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, mutuniyar Kwali a ƙasar Gwari. Tun tana ƙarama ta koyi gini wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shekara da shekaru tana yi a ƙauye. Sai a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Bature mai suna Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, watau Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Daga nan aka kai ta Ingila da Jamus da Amurka tana nuna gwaninta. A 1977, bayan ta haura shekara 50, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. Ita sai da sa'a ta haɗa ta da makaranta bayan ta girma. Ɗanka kuwa an kawo masa makarantar tun yana ɗanye.

Shaida ta biyu ita ce tutar Nijeriya. Wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana ta, aka zaɓi tasa a 1959, aka ba shi fam 100, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Daga nan aka daɗe ba a waiwaye shi ba, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a 2023. Aikinsa yana kaɗawa bisa kowace makaranta da kowane ofis, shi kuwa bai yi dukiya da shi ba. Wannan ma gaskiya ce, bai kamata a ɓoye wa yaro ita ba.

To, in ladan aljihu mai jinkiri ne, kuma ba tabbas, me ya rage? Ya rage lada na biyu, wanda ba ya jinkiri kuma ba ya kuskure, shi ne abin da aikin ke ginawa cikin mai yinsa. Ka duba da kyau, za ka ga duk abin da muka lissafa a kan nauyi, shi ne ya juyo ya zama lada. Awowin da yaro ya yi yana duban tulu sun koya masa gani. Yawancinmu kallo muke yi, ba mu gani. Ka ce wa mutumin da ya shekara 40 yana wuce wani dutse daga duwatsun ƙasar nan ya faɗi ta wane gefe ya fi tudu, sai ya tsaya yana tunani. Mai zane kuwa an hore shi ya ga abu yadda yake, ba yadda ya zata ba, wannan kuwa tushen adalci ne, ko a shari'a ko a ciniki. Tukunyar da ta fashe ta koya masa ya sake farawa ba tare da ya zargi kowa ba. Rashin hanyar satar amsa ya koya masa ya tsaya bisa abin da hannunsa ya yi. Gyaran da ya sha a bainar jama'a ya koya masa a gaya masa gaskiya bai yi fushi ba. Waɗannan halaye, ko yaro ya bar zane ya zama magini, ko tela, ko malamin asibiti, ko mai awon ƙasa, suna biye da shi. Takardar shaida tana iya ɓata, gara tana iya cinye ta, amma abin da ya zauna a hannu da ido sai kabari.

Lada na uku na jama'a ne. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizo ya yi musu ado, har masana gini na ƙasashen waje suka zo suka auna shi suka rubuta littattafai a kansa. Attajiran zamaninsa da yawa an manta sunayensu, nasa yana nan. Irin wannan ilmi a hannun tsofaffi yake, kowane gwani ya rasu ba magaji, ya tafi da nasa. Yaron da ya iya zane, ya kuma iya rubutu, shi ne zai zauna gaban tsohon magini ko tsohuwar mai saƙar faifai ya ɗauke adon a takarda, ya adana shi, ya sabunta shi. In ba mu yi haka ba, za mu wayi gari muna sayen adon kakanninmu daga hannun baƙi, an buga shi da inji an kawo mana kasuwar Kantin Kwari.

Abin Da Ya Wajaba

Daga abin da ya gabata, tambayar da ta kamaci uba ta sake. Zane aiki ne mai nauyi, kuma yana da lada, wannan ya tabbata. Abin da ya rage a bincika shi ne, yaron nan nawa mai ɗaukar nauyin ne, ko mai gudun wani nauyi ne? Gane wannan ba wuya, ko ga uban da bai taɓa shiga sakandare ba. Ka ce ya kawo maka aikinsa ka gani, na farkon shekara da na ƙarshenta, idonka zai gaya maka ko akwai ci gaba. Ka lura, in ya fara abu yana gamawa, ko kuwa takardunsa duk rabi-rabi ne? In aiki ya ɓaci yana komawa kansa, ko jefarwa yake yi ya tafi ƙwallo? Yana yi ko ba a sa shi ba? Ka je makaranta da kanka ka tambaya ko akwai malamin darasin da kayan aiki. In ka ga alamun ƙwarai, to, ka sani Allah ya ajiye wani abu a hannun yaron nan, kai kuwa mai tsaro ne. Ka rage masa aikin rana gwargwadon iko, ka saya masa takarda kamar yadda kake saya wa gona taki, ka haɗa shi da wani gwani na gari lokacin hutu, marini ko baduku ko magini, don ilmin makaranta ya gamu da na kasuwa. Haka kuma 'ya mace, gama yawancin adon ɗakunanmu daga hannun mata ya fito.

In kuwa ka ga gudun lissafi ne kawai, ka gaya masa gaskiya da lallashi, cewa inda ya nufa ya fi inda ya baro rana. Malalaci ba shi da kashi a makaranta, ko na kimiyya ko na fasaha, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Kai kuma yaro, in littafin nan ya faɗo hannunka, ka sani mahaifinka ba ƙinka yake yi ba, tsoron yunwa yake yi maka, kuma ya fi ka sanin yunwa. Gardama ba za ta kwantar masa da rai ba, sai aikin da ya gani da idonsa. Kada ka saki Turanci da lissafi, gama mai zanen da bai iya lissafin kuɗin fenti da ladan aikinsa ba, wani zai riƙa cin guminsa. Kada ka raina gwanayen gari don ba su yi boko ba, sun riga ka sanin abin da kake nema.

Allah bai yi yatsun hannu daidai ba, haka kuma bai raba baiwa iri ɗaya ba. Gari yana bukatar likita, yana bukatar mai gina asibitin da mai ɗinka rigar likitan. Abin da ake tambayar kowa shi ne ko ya kyautata abin da aka ba shi. Allah ya ba mu ikon gane baiwar 'ya'yanmu, ya ba su haƙurin ɗaukar nauyinta, ya sa albarka cikin abin da hannuwansu za su yi, amin.